Jagorancin Tsara a Koyon Binciken Tiyata: Darasi daga Zariya da Babbar Ruga, da Buƙatar Yankin Ruwan Godiya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan jagorancin tsara, wato tsarin da ɗalibin likitanci ko likita mai neman ƙwarewa a tiyata yake koyon dabarun bincike a hannun wanda ya ɗan riga shi a karatu. An nuna cewa tsarin yana da tushe a hanyoyin koyo na Bahaushe, musamman a tsangaya, kuma abin da ya bambanta shi da koyon sana'ar gado shi ne ajiye bayani a rubuce. An waiwayi ayyukan da aka gudanar a Zariya da Malumfashi da Babbar Ruga, sannan aka dubi yadda haɗakar ɗalibai da ƙananan likitoci ta samar da manyan bincike-bincike a duniya daga 2007. An ɗauki yankin Ruwan Godiya a matsayin ma'auni, domin majinyatan irin wannan wuri su ne suka fi faɗuwa daga lissafi. Maƙalar ta ƙare da nuna cewa ingancin alƙaluman da ake tarawa ya dogara ga ingancin Hausar da aka yi tambaya da ita, kuma a nan ne masana Hausa suke da aiki.

Fitilun kalmomi: jagorancin tsara, tiyata, bincike, tsangaya, Ruwan Godiya

1.0 Gabatarwa

A Nijeriya likita ba ya zama ƙwararre a tiyata sai ya bi ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ta faro a matsayin ƙungiya a 1960. Dukkansu suna bukatar mai neman ƙwarewa ya gabatar da kundin bincike a matakin ƙarshe. Sai dai likita yakan isa wannan mataki ne bayan shekaru shida na jami'a da wasu shekaru na aikin asibiti, kuma sau da yawa bai taɓa tsara tambayar bincike da kansa ba, in ban da ɗan aikin rukuni da aka yi a darasin lafiyar al'umma. Malamin da zai duba shi yana da ɗakin tiyata da majinyata da lacca da taruka. Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk malamin jami'a, ko da a sashen Hausa yake: kundin da aka rubuta domin a tsallake jarrabawa, aka ajiye a kanta, ƙura ta rufe shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata hanya da ake bi wajen cike wannan giɓi, da nuna dalilin da ya sa lamarin ya shafi manazarta harshe da al'adun Hausawa.

2.0 Ma'anar Jagorancin Tsara

Kalmar tsara a Hausa tana nufin waɗanda shekarunsu suka zo ɗaya ko suka yi kusa, kamar yadda ake cewa sa'a ko wari. A wannan maƙala an faɗaɗa ta zuwa kusancin mataki a karatu. Jagoran tsara shi ne wanda ya riga ɗan'uwansa da taki ɗaya ko biyu: babban likita mai neman ƙwarewa ga ƙaramin, ƙaramin ga likita mai sanin makamar aiki, shi kuma ga ɗalibin aji biyar ko shida. Ba ya ba da maki, ba ya yanke hukuncin ci ko faɗuwa. Wannan shi ne ya raba shi da malami mai duba kundi.

Amfanin kusancin iri biyu ne. Na farko, wanda ya koyi abu bara bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, alhali farfesan da ya shekara talatin yana yi ya daina ganin wahalar matakin farko. Na biyu ya shafi kunya. Ɗalibi Bahaushe da aka rena a kan kada ya haɗa ido da babba zai yi nauyin bakin gaya wa farfesa cewa bai gane yadda ake ƙididdige yawan mutanen da bincike yake bukata ba. Amma zai tambayi wanda suke cin abinci tare a ɗakin masu kwanan aiki. Hausawa sun ce na gaba idon na baya, kuma idon ya fi amfani idan na gaban bai yi nisan da ba a jin muryarsa ba.

3.0 Tushen Tsarin a Hanyoyin Koyo na Bahaushe

Wanda ya san tsangaya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Alaramma ɗaya ba ya iya biya wa almajirai ɗari kowace safiya. Gardi ne yake biya wa titibiri da ƙolo, yana duba allo, yana gyara wasali, a lokacin da shi ma yake kai nasa allon gaban malam domin darasu. Idan aka zo musaffa, mahaddata suna karɓa-karɓa, kowa yana sauraron ɗan'uwansa, wanda ya yi kuskure a ja shi nan take. Gardin da yake biyawa yana ƙarfafa nasa karatun ne. Malam kuma yana nan a matsayin maƙurar gyara. Wannan siffa ta matakai, da na gaba yake riƙe da na baya kuma kowa yana ƙarƙashin idon babba, ita ce ainihin abin da ake nufi da jagorancin tsara.

Masana ilmin koyo sun lura da irin wannan a wasu sassan Afirka ta Yamma. Jean Lave ta yi nazarin teloli a Laberiya, kuma a littafin da suka fitar tare da Etienne Wenger a 1991 sun nuna cewa mai koyon sana'a yakan fara da ƙananan ayyuka na gefe, yana matsawa tsakiya sannu a hankali, kuma yana ɗaukar abu mai yawa daga sauran masu koyo.

Tiyatar gargajiya ma da haka take tafiya. Ɗan wanzami yakan fara da riƙon zabira da wasa aska, ya koma aski, sannan ƙaho, kafin a bar shi ya yi kaciya ko cire beli, kuma yayyensa ne suke nuna masa yawancin wannan. Haka ɗan maɗori yake koyon ɗori. Rubuce-rubucen Farfesa Bashir Aliyu Sallau a kan wanzanci da na Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan magungunan Hausa sun adana abubuwa masu yawa game da waɗannan sana'o'i. Amma akwai abu ɗaya da wannan gado bai miƙa ba. Wanzami yana gadar da hannu da asiri, ba ya gadar da lissafi. Babu littafin da zai nuna yara nawa aka cire wa beli a shekara, nawa suka zubar da jini, nawa suka rasu. Wanda ya warke ana yaba hannun mai aiki, wanda ya rasu a ce kwana ya ƙare. A nan tsangaya ta fi dacewa da zama abin koyi, domin ita tana da allo da rubutu da gyara a bainar jama'a. Bincike yana bukatar ilmin da ake baje shi domin wani ya duba, ya gano kuskure.

4.0 Abin da Rubuta Bayani Ya Haifar a Zariya da Katsina

An buɗe tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, kuma a shekarun da suka biyo baya asibitocinta na Zariya da Kaduna da Malumfashi sun zama wuraren bincike da duniya ta san da su. Misalai huɗu sun isa su nuna abin da ake nufi.

Davidson da Parry sun wallafa nazari a 1978 a kan mata 224 da suka kamu da ciwon zuciya bayan haihuwa a Zariya. Sun danganta yawan cutar a wannan yanki da al'adun jego: wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Ba za a kai ga wannan ba sai da tambayar mata abin da suke yi a ɗakunansu.

Tahzib ya wallafa a 1983 bayanin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin Zariya daga 1969 zuwa 1980. Sama da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Kelsey Harrison shi ma ya tattara bayanin haihuwa 22,774 a jere daga 1976 zuwa 1979, aka wallafa a 1985, inda ya nuna tazara mai girma a yawan mace-mace tsakanin matan da suka yi awon ciki da waɗanda aka kawo a gurguje ba su taɓa zuwa ba.

Na huɗu shi ne Babbar Ruga a Katsina. Likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo a 1983 domin aikin kuturta, ya tarar da matan da yoyon fitsari ya raba da gidajensu, ya shiga yi musu aiki. Ya riƙa rubuta bayanin kowace mace da zanen inda hujin yake. Daga wannan ne ya samar da kundin digirinsa na uku a 1989 a kan mata 775, da tsarin rarraba nau'o'in yoyon fitsari a 1995, da nazarin 2004 a kan mata 1,716 wanda ya nuna cewa ana iya magance sabon huji da robar fitsari ko da ɗinki da wuri, maimakon jiran watanni uku da aka saba. Likitoci da ma'aikatan jinya da aka horar a wurin sun koma Kano da Sakkwato da Zariya da Jamhuriyar Nijar suna horar da wasu.

Waɗannan ayyuka sun tabbatar da cewa rajistar asibiti da aka cika da kulawa tana iya sauya yadda ake jinya. Amma suna da rauni guda. Yawancinsu sun rataya ne a wuyan mutum ɗaya mai himma. Babban aikin binciken cututtuka da aka yi a Malumfashi a shekarun 1970, tare da Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful, ya bar jerin maƙalu a kan tsargiya da saran maciji da zazzaɓin cizon sauro, amma da masu aikin suka watse, ƙarfinsa ya tafi tare da su. Tambayar ita ce yadda za a mayar da wannan ɗabi'a ta zama gadon da ba ya yankewa da tafiyar mutum ɗaya.

5.0 Haɗakar Masu Koyo a Duniya

Amsar da ta fi fitowa fili ta zo ne daga ƙananan likitocin tiyata a Ingila. A 2007 wasu daga cikinsu a yankin Bamingam suka kafa haɗakar bincike da su da kansu suke gudanarwa. Kowa ya tattara bayani a asibitin da aka tura shi, idan an sauya masa wurin aiki ya miƙa wa wanda ya gaje shi. Gwajinsu na farko mai suna ROSSINI, wanda aka wallafa a 2013, ya ƙunshi majinyata 760, kuma ya nuna cewa wata roba da ake sa wa a bakin yanka domin hana ruɓewar miki ba ta da amfanin da ake zato. A 2013 ɗaliban likitanci suka kafa tasu, STARSurg.

Daga nan tsarin ya bazu. GlobalSurg ta wallafa nazarin majinyata 10,745 daga ƙasashe 58 a 2016. Nazarinta na biyu a 2018, mai majinyata 12,539 daga ƙasashe 66, ya gano cewa miki yana ruɓewa bayan aikin hanji ga kashi 9.4 cikin ɗari a ƙasashe masu arziki, amma kashi 23.2 a ƙasashe matalauta. A shekarar ce aka wallafa nazarin sakamakon tiyata a Afirka ƙarƙashin Bruce Biccard, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25. Ya nuna cewa majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya da ƙarancin wasu cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aiki ya ninka na matsakaicin duniya, kuma yawancin mace-macen sun faru ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin. A 2022 gwajin CHEETAH, wanda aka yi a ƙasashe bakwai har da Nijeriya a kan majinyata 13,301, ya nuna cewa sauya safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki yana rage ruɓewar miki daga kashi 18.9 zuwa 16.0. Asibitocin koyarwa na Nijeriya, har da na Kano da Zariya, sun shiga irin waɗannan ayyuka.

Abin lura a nan shi ne ginin da ke ƙasa. A kowane asibiti akwai ƙaramin rukuni, galibi mutum uku, da ya haɗa ɗalibi da ƙaramin likita, da babban likita mai sa ido. Suna tattara bayani na ɗan gajeren lokaci, kamar mako biyu, a kan takarda iri ɗaya. Wani dabam yana sake duba wani kaso na abin da suka shigar. Idan an wallafa, sunan kowa yana fitowa. Ɗalibin da ya yi wannan sau ɗaya ya ga yadda ake neman izinin kwamitin ɗa'a, da yadda ake bayyana ma'anar abin da za a ƙirga, da illar gurbin da aka bari babu komai. Badi shi ne zai nuna wa wani.

6.0 Ruwan Godiya a Matsayin Ma'auni

Ruwan Godiya gari ne a Ƙaramar Hukumar Faskari, a kudancin Jihar Katsina, cikin yankin noma da ya haɗa Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, wanda yake makwabtaka da Zamfara da Kaduna. Mai bukatar babban aiki daga wannan yanki yakan nufi Funtuwa ko Malumfashi, idan abin ya fi ƙarfinsu a tura shi Shika a Zariya ko Katsina. Kwamitin mujallar Lancet a kan tiyata a duniya ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan biyar ba su da halin samun tiyata mai aminci a kan lokaci. Ya kuma sa ma'auni: mutum ya iya isa cikin awa biyu wurin da ake fiɗar haihuwa da buɗe ciki da gyaran karayar da ƙashi ya fito.

Rashin tsaro ya ƙara tsawon wannan tafiya. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Kafin nan, a ranar 11 ga Disamba 2020, an sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, irin makarantar da ake sa ran ta fitar da likitocin yankin.

A ɗauki misalin mace da naƙuda ta tsaya mata da dare a wani ƙauye na wannan yanki, ko yaron da taifot ya huda wa hanji. Thaddeus da Maine sun bayyana jinkiri uku a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Rajistar asibitin koyarwa tana ganin na ukun ne kawai, kuma tana ƙirga wanda ya iso da rai. Wanda ya rasu a hanya, ko aka jira gari ya waye saboda tsoron hanya, ba ya cikin kowane kundi. Saboda haka alƙaluman manyan asibitoci suna iya nuna hoto mai sauƙi fiye da gaskiya.

A nan ne silsilar tsara take da amfanin da farfesa shi kaɗai ba zai samar ba. Likita mai neman ƙwarewa a Shika yana da abokin karatu da yake aiki a babban asibitin Funtuwa. Wannan yana da ƙani a makarantar jinya, ko jami'in lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye da suka san juna. Ɗalibin da ya fito daga Faskari ya san sunayen ƙauyuka da ranakun kasuwa da lokacin da hanya take yankewa da damina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayoyin da irin wannan silsila za ta iya amsawa ba su bukatar na'ura mai tsada: awa nawa ake ɗauka daga fara ciwo zuwa shiga ɗakin tiyata, wurare nawa majinyaci ya biya kafin ya iso, me aka sayar aka biya kuɗin aiki, mutum nawa suka dawo a duba miki. Wajibi ne a ce kada a tura ɗalibi inda ransa zai shiga haɗari saboda cike takarda. Yawancin wannan bayani ana iya samun sa a bakin gadon majinyaci, daga gare shi ko daga mai jinyarsa.

7.0 Matsalar Harshe da Gurbin Masana Hausa

Takardar tambayoyi ana rubuta ta da Ingilishi, ana yin tambayar da Hausa, a mayar da amsar zuwa lamba. A wannan kai da komo ne gaskiya take zubewa, kuma babu wani lissafi da zai dawo da ita.

Idan aka tambayi majinyaci tun yaushe ciwon ya fara, ya ce kwana biyu, ɗalibin da bai yi hattara ba zai rubuta 2. Bahaushe kuwa yana cewa kwana biyu yana nufin an ɗan jima, ko da mako uku ne. Idan aka kira shi a waya bayan kwana talatin aka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi, ko da mikin yana zubar da ruwa, domin amsar gaisuwa ce da godiya ga Allah. Dole a tambaye shi ko mikin yana fitar da ruwa, wane launi, ko yana wari, ko ya buɗe. Idan aka tambayi mace yawan 'ya'yanta, kunyar ɗan fari tana iya sa ta tsallake shi, musamman a gaban surukai, kuma ɓari da wanda bai zo da rai ba sukan fita daga lissafi sai an tambaye su daban. Ciwon ciki suna ne da ya rufe cututtuka da yawa. Shekarun haihuwa sau da yawa sai an auna su da wani abin da ya faru a gari.

Kalmomin aikin kansu suna da nauyi. Mutane sukan ce an yi masa aiki, a asibiti a ce tiyata, wasu su ce fiɗa, wadda take tuna wa mai ji abin da mahauci yake yi wa dabba. Bincike yana nufin nazarin ilmi, yana nufin awon jini, yana kuma nufin abin da 'yan sanda suke yi a gida. Gwaji ya fi su haɗari: za a yi miki gwaji daban yake da za a yi gwaji da ke. Wannan bambanci yana da tarihi a ƙasar Hausa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a nazarin da ya ƙunshi yara kimanin 200, kuma batun ko iyaye sun fahimci abin da suka amince da shi ya kai ga shari'a, har aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007. Amma ƙa'ida a takarda ba ta bayyana wa tsohuwa ma'anar raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ko tabbatar mata cewa in ta ƙi shiga ba za a hana ta magani ba.

Irin wannan sani shi ne jagoran tsara yake miƙawa da baki a bakin gado, kuma shi ne yake ɓacewa idan ya tafi. Sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina suna da ɗaliban digiri na biyu da na uku masu nazarin fassara da ma'ana da karin harshe. Babu abin da zai hana a haɗa ɗaya daga cikinsu da rukunin ƙananan likitoci a matsayin tsara: ya duba fassarar takardar neman amincewa, ya saurari yadda ake yin tambaya, ya tattara kalmomin da majinyata suke amfani da su. Likitoci za su samu alƙaluma masu inganci, shi kuma ya samu kundi mai rai. Akwai abin koyi a baya: Murray Last da Lewis Wall sun yi nazarin magani da jinya a ƙauyukan kudancin Katsina, kuma Wall daga baya ya zama likitan mata, yana cikin waɗanda suka kafa asibitin yoyon fitsari na Danja kusa da Maraɗi, wanda aka buɗe a 2012.

8.0 Haɗurra da Sharuɗɗa

Tsarin yana da illoli idan aka sake shi. Na farko, kuskure ma ana gadonsa. Gardin da ya haddace aya da kuskure zai biya wa ƙolo goma da shi, shi ya sa ake kai allo gaban malam. Dole kowane rukuni ya kasance da ƙwararre da masanin ƙididdiga da suke duba tsari kafin a fara. Na biyu, girma yana iya rikiɗa ya zama danniya: ɗalibi ya kwana yana zaƙulo fayil, maƙala ta fito babu sunansa. Maganin wannan shi ne a rubuta rabon aiki da jerin sunaye tun ranar farko. Na uku, gaggawar tara maƙalu tana jefa matasa hannun mujallun da suke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba. Na huɗu, idan ana haɗuwa ne da dare ko a majalisar maza, ɗalibai mata za su fita daga silsilar, alhali su ne suka fi samun gaskiyar magana daga majinyata mata. Na biyar, hijirar likitoci zuwa ƙasashen waje tana cire tsakiyar silsilar, wato manyan masu neman ƙwarewa. Saboda haka kowane rukuni yana bukatar littafin aiki da mataimakin da aka shirya ya gaji jagora.

Abin da ake bukata daga hukumar asibiti kaɗan ne: awa ɗaya ko biyu a mako da aka keɓe domin bitar maƙala tare, da rangwamen kuɗin kwamitin ɗa'a ga ɗalibai, da ɗakin ajiyar fayil mai tsari, da amincewa da jagoranci a matsayin aikin da ake lissafawa wajen ƙarin girma.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bincike sana'a ce da ake koyo da yi, kuma wanda ya fi saurin koyar da matakanta na farko shi ne wanda ya taka su kwanan nan. Tsangaya ta riga ta ba da siffar tsarin, ayyukan Zariya da Babbar Ruga sun nuna abin da rubuta bayani yake haifarwa, haɗakar ƙananan likitoci ta duniya kuma ta nuna yadda ake hana aikin mutuwa da tafiyar mutum ɗaya. Ma'aunin nasararsa a Jihar Katsina shi ne ko majinyacin Ruwan Godiya da makamantansa sun shiga lissafi, kuma an rubuta abin da suka faɗa daidai da abin da suke nufi. Ana ba da shawarar sassan Hausa su fara da abu ɗaya mai yiwuwa: tattara ƙamus na kalmomin ciwo da lokaci da amincewa kamar yadda majinyatan kudancin Katsina suke furta su, tare da ɗaliban likitanci da suke jin su kowace rana.